Tiyatar Katse Jijiyar Gumin Tafin Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai mutanen da tafin hannunsu ba ya bushewa. Ko ana sanyi, ko suna zaune ba aikin komai, ruwa na tsattsafowa har ya riƙa ɗiga daga yatsu. Saboda irinsu ne ake yin wata tiyata ta ƙananan huji, inda likita ke shiga ƙirji da siririyar kyamara ya katse jijiyar da ke ba hannu umarnin yin gumi. Likitoci suna kiranta ETS a taƙaice. Tana busar da hannu, kuma nan take. Sai dai ba a warware ta idan an yi, kuma jiki yakan rama gumin a wani wurin. Ga abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya sa hannu a takardar amincewa.

Tafin hannuna kullum a jiƙe yake. Ciwo ne, ko haka nan aka halicce ni?

Kowa hannunsa yakan yi danshi idan ya tsorata ko ya shiga ɗakin jarabawa. Wanda ake ɗauka ciwo shi ne wanda ya wuce buƙatar jiki har ya fara shiga harkokin mutum: takardar da kake rubutu a kai ta jiƙe ta yage, biro ya riƙa zamewa, waya ta ƙi gane zanen yatsanka, ka riƙa goge hannu a jikin wando a ɓoye kafin ka miƙa shi a gaisa. Ga mai gyaran lantarki, ko tela, ko ma'aikaciyar jinya da ke kokawa da safar hannu, abin ya wuce kunya, ya taɓa sana'a.

Likita zai duba wasu alamomi. Shin hannu biyun ne tare? Ya fara tun ƙuruciya ko lokacin balaga, kafin shekara 25? Ya kai wata shida ana fama, aƙalla sau ɗaya a mako? Yana tsayawa idan ka yi barci? Akwai mai irinsa a dangi? Idan yawancin amsoshin i ne, to shi ne yawan gumin da ba wata cuta ta haddasa shi ba. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya ƙiyasta kashi 2.8 cikin ɗari na jama'ar ƙasar suna da yawan gumi a wani sashe na jiki, wani kuma na 2016 ya kai adadin kashi 4.8.

Me ke jawo shi? Ana ce min tsoro ne ya yi min yawa.

Ƙwayoyin da ke fitar da gumi a fatarka lafiyarsu ƙalau, ba su fi na kowa yawa ko girma ba. Umarnin da ke isa gare su ne ya wuce kima. Wannan umarni yana bi ta jijiyoyin da ake kira simfatetik, waɗanda ke aiki ba da izinin mutum ba. Su ne dai ke sa zuciya bugawa da sauri idan an firgita. Suna jere ne a sarƙa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da ƙashin baya, kuma rassan da ke zuwa hannu suna fita daga ɓangaren sarƙar da ke saman ƙirji.

Gumin tafin hannu ya fi jin motsin rai a kan zafin gari, shi ya sa yake tashi daidai lokacin da ba ka so. Ka tuna za a gaisa, hannu ya jiƙe. Ka ji ya jiƙe, hankalinka ya ƙara tashi. Sai ya ƙara jiƙewa. Amma damuwar ba ita ce tushe ba, ita ce ke hura wutar kawai. Masu cewa "kwantar da hankalinka zai daina" niyyarsu mai kyau ce, maganarsu ce ba ta kai ba.

Ba alamar wata cuta ce a ɓoye ba?

Wani lokacin alamar ce, kuma wajibi ne a tantance kafin maganar tiyata ta taso. Gumin da ya fara da girma rana tsaka, ko mai rufe jiki gaba ɗaya, ko mai jiƙa shimfiɗa da dare, ko wanda ya zo da rama ko zazzaɓi ko bugun zuciya, wannan wani zance ne daban. Yana iya fitowa daga yawan aikin tayirod (wata ƙwaya da ke maƙogwaro), ciwon suga, tarin fuka, wasu nau'o'in sankarar jini, ɗaukewar al'ada ga mata, ko wasu magunguna, musamman na ciwon damuwa. Mai irin wannan idan aka katse masa jijiya, an bar ciwon yana nan an ƙara masa wani.

Me ya kamata in gwada kafin tiyata?

Duk abin da ake iya dainawa idan bai yi ba. Na farko shi ne maganin shafawa mai sinadarin aluminiyam kulorayid, galibi mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari. Da dare ake shafa shi a busasshen hannu, a wanke da safe. Yakan sa ƙaiƙayi, kuma a fatar tafin hannu mai kauri ba ya ci kamar yadda yake ci a hammata.

Na biyu, wanda a ganina mutane ke saurin rainawa, shi ne ayontoforesis. Faranti biyu ne da ruwan famfo, a tsoma hannu a ciki, wata ƙaramar na'ura ta riƙa ratsa ruwan da raunanniyar wutar lantarki na minti 20 zuwa 30. Za ka ji tsikari kaɗan, in akwai ɗan yanka a yatsa ya yi zafi, shi ya sa ake shafa masa man basilin tukuna. Da farko sau uku ko huɗu ake yi a mako har hannu ya bushe, daga nan a koma kamar sau ɗaya a mako. Yana yi wa mutane da yawa aiki. Matsalarsa naci yake so: ka bari, gumi ya dawo. Da yawa daga masu cewa "na gwada bai yi ba" sau uku suka yi suka ajiye. Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai na'urar daidaita bugun zuciya.

Sai allurar Botox, wadda ake tsittsira wa a wurare da dama a tafin hannu. Tana tsayar da gumi na wasu watanni, kusan huɗu zuwa shida, sannan a sake. Akwai zafi sosai idan ba a kashe wurin ba, kuma riƙon yatsu kan ɗan yi rauni na 'yan makonni. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita ne a 2004 don gumin hammata, amma likitoci na amfani da ita a hannu ma. Akwai kuma ƙwayoyin sha irin su oksibutinin da gilaikofirolet, waɗanda ke rage gumin jiki gaba ɗaya. Su kuma sukan busar da baki, su kawo taurin bayan gida ko dishi-dishin gani, kuma sai an yi hattara da su lokacin zafi. Na'urar miraDry da ake tallatawa ta hammata ce kawai, ba a yin ta a hannu.

Yaya ake yin tiyatar?

Barci ake sa mutum gaba ɗaya. A kwantar da shi a ɗan kishingiɗe, hannuwa a buɗe. Likita zai yi huji ɗaya ko biyu a ƙasan hammata, kowanne bai wuce santimita ɗaya ba, wani ma rabin haka. Sai a sace iskar huhun wannan gefen ya ɗan lotsa ya ba da wuri, a zura kyamara.

Abin da ke fitowa a allon talabijin shi ne bangon ƙirji ta ciki, haƙarƙari a jere, da wani farin abu siriri kamar zare yana gangarowa ta kan kawunansu kusa da ƙashin baya. Shi ne sarƙar. Babban aikin likita a nan ƙidaya ce: ya gane wane ne haƙarƙari na biyu, wane ne na uku, domin na farko yakan ɓuya cikin kitse, kuma kuskuren mataki ɗaya yana canza sakamako. Idan ya tabbatar, sai ya yanke sarƙar, ko ya ƙone ta da wutar lantarki, ko ya danne ta da ɗan maƙalin ƙarfen tayitaniyom. Likitoci da yawa sukan ɗan ja ƙunar ta kan haƙarƙarin zuwa gefe, don kama wasu ƙananan rassa masu zagaye sarƙar, waɗanda ake kira da sunan Albert Kuntz da ya bayyana su a 1927. Sau da yawa akwai ɗan ma'aunin zafi manne a tafin hannu. Da an katse inda ya dace, sai a ga lambar ta fara hawa, saboda hanyoyin jinin hannun sun saki.

Daga nan a sake hura huhu, a fitar da iskar da ta rage, a ɗinke, a koma ɗaya gefen. Duka biyun ba su cika wuce awa ɗaya ba.

Na ji ana cewa R3, R4, wasu kuma T2. Mene ne bambancin?

Lambar matakin da aka katse ce. A 2011 ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Amurka ta fitar da matsayar ƙwararru, ta ce a riƙa ambaton wurin da lambar haƙarƙari, wato R, don kowa ya san abin da ake nufi. Ga gumin hannu kaɗai ta ba da shawarar R3 ko R4. R3 ya fi busar da hannu ƙarƙaf. R4 kan bar ɗan danshi, amma gumin ramuwa, wato ƙarin gumin da jiki kan yi a wasu wurare bayan tiyata, ya fi sauƙi. Mataki na biyu, wato T2, wanda aka fi yi a da, shi ya fi jawo ramuwa mai tsanani, kuma ya fi kusa da jijiyar ido.

Idan ni za a tambaya, hannun da ke da ɗan danshi irin na kowa ya fi hannun da ya bushe ƙamas ga baya yana zuba. Amma wannan zaɓi ne da za ku yi da likitanka kafin ranar, ba abin da za ka ji labarinsa bayan ka farka ba.

Tana aiki da gaske?

A kan hannu, ƙwarai. Fiye da kashi 95 cikin ɗari suna farkawa da hannu busasshe mai ɗumi, wasunsu karo na farko tun suna yara. A 'yan kwanakin farko wasu kan ga gumi ya dawo na yini ɗaya ko biyu su tsorata. Yakan wuce da kansa. Kaɗan ne gumin ke dawo musu da gaske bayan watanni ko shekaru.

To ina matsalar take?

Gumin ramuwa. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ita ce aka fi wucewa da sauri a ɗakin likita, domin mai ciwo hankalinsa na kan hannunsa, ya riga ya ji abin da yake son ji.

Bayan tiyata, jiki kan ƙara yin gumi a wuraren da ba a taɓa jijiyarsu ba: baya, ciki, ƙasan ƙirji, matsematsi, cinyoyi, bayan gwiwa. Mutane kan ce gumin hannun ne ya koma can, amma lissafin bai kai ba, domin abin da ke fita a baya yakan fi wanda hannu ke fitarwa nesa ba kusa ba. Bayani biyu masana ke bayarwa. Ɗaya, katsewar ba hannu kaɗai take shafa ba, tana rage gumin wani yanki na saman jiki, sai sauran fata ta ɗauki aikin sanyaya jiki duka. Ɗaya kuma, saƙon da ke komawa cibiyar daidaita zafi a ƙwaƙwalwa ne ya rikice, sai ta riƙa ba da umarni fiye da kima.

Mutum nawa yake samu? Rahotanni sun saɓa ƙwarai; matsayar 2011 ɗin nan ta nuna an ruwaito daga kashi 3 har zuwa kashi 98 cikin ɗari, saboda kowane asibiti da yadda yake tambaya da abin da yake ƙirgawa. Abin da za ka riƙe shi ne: yawancin waɗanda aka yi wa suna samun wani abu daga cikinsa. Ga mafi yawansu mai sauƙi ne, danshin baya a ranar zafi ko bayan tafiya, kuma suna cewa da za a sake da sun sake yarda. Ga wasu 'yan tsiraru kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Mutum ya fita da safe, kafin ya isa wurin aiki riga ta manne a baya, ya tashi daga kujera ya bar shaida, ya koma sa baƙaƙen kaya kawai da yawo da rigar canji a jaka. Wani ana ganin iyakar a jikinsa sarai: daga nono zuwa sama a bushe, daga nan zuwa ƙasa sharkaf. Gumin hannu ana ɓoye shi a aljihu, wannan ba ya ɓoyuwa. Cikin masu nadamar tiyatar, wannan ne babban dalilinsu.

Zafin gari yana ƙara shi. Sakamakon da aka tattara a ƙasa mai sanyi ba lallai ya yi daidai da na wanda ke aiki cikin rana ba, kuma ya kamata mai aikin ƙarfi ko mai zama inda ake zafi ya sa wannan a lissafinsa.

Ana iya sanin wanda zai samu mai tsanani tun kafin a yi?

Ba da tabbas ba. An dai san abubuwan da ke ƙara haɗarin: katsewa a mataki na biyu, katse matakai da yawa a lokaci ɗaya, ƙiba, da kasancewar mutum dama can mai yawan gumin baya ko ciki ne. Wasu cibiyoyi kan yi gwaji ta hanyar kashe jijiyar na ɗan lokaci da allura don mutum ya ɗanɗana yadda abin zai kasance, amma 'yan kwanaki ba sa nuna abin da shekaru za su kawo.

An ce min idan maƙali aka sa, ana iya cirewa komai ya dawo daidai.

Kada ka yanke shawara a kan wannan magana. Maƙalin yana aiki ne saboda ya murƙushe jijiyar, kuma jijiyar da aka murƙushe ba ta jiran a sake ta ta farfaɗo. Wasu da aka cire musu, musamman da wuri, sun ce sun ji sauƙi. Wasu da yawa babu abin da ya canza. Akwai likitoci ƙalilan da ke ƙoƙarin dasa wata jijiya daga ƙafa ko daga tsakanin haƙarƙari don haɗa wurin da aka katse, amma aiki ne babba da ba a tabbatar da sakamakonsa ba. Ko yanka, ko ƙuna, ko maƙali, ɗauke ta a matsayin ta dindindin.

Waɗanne haɗurra ne kuma?

Iska kan maƙale tsakanin huhu da bangon ƙirji. Mafi yawa jiki ke shanye ta, wani lokacin sai an sa roba na kwana ɗaya ko biyu. Zubar jini mai yawa ba ta cika faruwa ba, amma manyan hanyoyin jini na kusa da wurin, don haka dole likitan ya zama wanda zai iya buɗe ƙirji idan ta kama. Ciwon jijiya a gefen ƙirji kan ɗauki makonni, a wasu ya daɗe.

Akwai ciwon Horner, idan lahani ya kai ga ƙullin jijiya da ke saman sarƙar, daidai haƙarƙari na farko: fatar ido ta sama ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar ido ya ƙanƙance, gefen fuskar ya daina gumi. Da wuya ake ganinsa idan a R3 ko R4 aka yi aikin. Wasu kan fara gumin fuska idan suna cin abu mai yaji ko tsami. Bugun zuciya yakan ɗan ragu, domin rassan wannan sarƙar har zuciya suke zuwa. Yawanci ba a ma lura, amma ga ɗan wasan motsa jiki ko wanda zuciyarsa ke bugawa a hankali dama, abin dubawa ne. Hannu kuma kan bushe har ya tsage, sai an riƙa shafa mai, buɗe leda ko juya shafin littafi ya zama aiki.

Wa ta fi dacewa da shi?

Matsayar 2011 ta zana shi kamar haka: wanda gumin ya fara masa tun kafin shekara 16, yana ƙasa da 25 lokacin tiyata, ma'aunin nauyinsa da tsawonsa, wato BMI, bai kai 28 ba, ba ya gumi cikin barci, ba shi da wata babbar cuta, kuma bugun zuciyarsa a zaune bai gaza 55 a minti ba. Wanda ya wuce waɗannan shekarun ba a rufe masa ƙofa ba. Ni zan ƙara sharaɗi ɗaya: ya kasance ya gwada sauran hanyoyin da gaske, watanni ba kwanaki ba.

Wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko ruwa a ƙirji, ko tiyatar ƙirji, ya faɗa tun farko. Huhu kan manne da bango bayan irin waɗannan, kyamara ta rasa hanyar wucewa.

Za ta magance gumin ƙafa da na hammata?

Na hammata kan ragu a wasu, amma idan shi kaɗai ne matsalar, akwai hanyoyin da suka fi wannan sauƙi da aminci. Na ƙafa ba a yin alkawari a kansa: wasu ya ragu, wasu yana nan, wasu ya ƙaru. Jijiyoyin ƙafa daga ƙugu suke fita, tiyatarsu daban ce, kuma ga maza tana iya shafar fitar maniyyi.

Sabuwar tiyata ce?

A'a. Tun 1920 Anastas Kotzareff ya katse wannan jijiya don maganin yawan gumi, lokacin da sai an yi babban yanka. A tsakiyar ƙarni na 20 Erhard Kux a Ostiriya ya yi ta ga mutane masu yawa ta hanyar leƙa ƙirji da madubin likita. Zuwan kyamarar bidiyo ne ya yaɗa ta a shekarun 1990, inda Göran Claes da Christer Drott na garin Boras a Suwidin suka yi suna a kanta. A can ɗin ne kuma koke-koken waɗanda ramuwa ta wahalar suka yi ƙarfi har aka ja baya da yin ta. Saukowa daga mataki na biyu zuwa na uku da na huɗu, darasin waɗannan shekarun ne.

Kwana nawa zan yi kafin in koma harkokina?

Yawanci a ranar ake sallama ko washegari, bayan an ɗauki hoton ƙirji. Za ka ji nauyi a ƙirji da ciwo tsakanin kafaɗu idan ka ja dogon numfashi, na 'yan kwanaki. Mai aikin ofis kan koma cikin mako guda. Ɗaukar kaya mai nauyi da hawa jirgin sama sai likita ya ba da izini. Numfashi ya yi wuya, ko ciwon ƙirji ya ƙaru maimakon raguwa, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a lokacin, ba sai ranar da aka rubuta ba.

Ɗana ne ke fama, yana makaranta. In kai shi?

Kai shi a duba shi, a fara masa da ayontoforesis da sauran. Ana yi wa matasa tiyatar, kuma sakamakonsu ba ya kasa na manya. Amma shi zai zauna da jikin har tsufansa, don haka ya kamata ya kai hankalin da zai fahimci abin da ake nufi da gumin ramuwa, ya ce ya yarda da bakinsa, ba don ganin iyaye sun gaji ba.

An riga an yi min, kuma ramuwa ta dame ni. Akwai abin yi?

Akwai, ko da ba warkewa ba ce. Ƙwayoyin oksibutinin ko gilaikofirolet suna taimaka wa da yawa. Ana yin Botox a wurin da ya fi zuba, bayan an shafa aidin da garin sitaci don a ga iyakarsa, inda gumi yake sai wurin ya koma baƙi-baƙi. Rage nauyi da sa tufafi marasa riƙe zafi suna rage wahala. A wasu ma yakan lafa da kansa cikin shekarar farko.

Me zan tambayi likita ranar da muka zauna?

Tambaye shi sau nawa ya yi wannan aikin da hannunsa, kuma a wane haƙarƙari zai katse maka, da dalilinsa. Tambaye shi cikin waɗanda ya yi wa, nawa ne ramuwa ta yi wa tsanani, kuma yaya ya sani: yana bibiyarsu bayan shekara ɗaya ko biyu, ko rabonsa da su tun ranar cire zare? Nemi ya haɗa ka da wanda aka yi wa da daɗewa, in zai yiwu har da wanda bai ji daɗin sakamakon ba. Idan ya ce maka a hannunsa ba a samun gumin ramuwa, ko ya ce maƙali ana cirewa kawai, nemi ra'ayin likita na biyu kafin a sa maka rana.